Rikoda Ƙirar National: Zuwanta Ƙasar Batsari da Tafiyarta

A ranar 1 ga Oktoba, 2008, wani katafaren kamfanin kayan lantarki da ke yankin Osaka a ƙasar Japan ya ajiye sunan mutumin da ya kafa shi, wato Matsushita, ya koma amsa sunan Panasonic. A zama guda aka yanke cewa tambarin National, wanda aka shekara 81 ana manna shi a jikin fitilu da rediyo da fanka da dutsen guga, shi ma zai kau. Jaridun kasuwanci sun kwana biyu suna maganar. A Darini da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga ƙasar Batsari har zuwa Safana a yammacin jihar Katsina, labarin bai tayar da ƙura ba, domin kafin wannan rana rikodar National ta riga ta bar tsakar gida. Wata tana ƙarƙashin gado, wata tana jibge a rumfar mai gyaran rediyo an cire mata lasifika, wata kuma bakin kaset ɗinta ya mutu, rediyon kaɗai ake kunnawa a ji labaran asuba.

Na ga ya dace a rubuta tarihin wannan akwati saboda ita ce na'ura ta farko da ta ba mutumin ƙauye, wanda bai yi boko ba kuma hannunsa bai faɗa a ajami ba, ikon ya ɗauki muryarsa da kansa, ya ajiye, ya aika inda ya ga dama. National ba ita kaɗai ba ce a kasuwa, akwai Sony da Sharp da Sanyo da Philips. Sai dai tana cikin waɗanda suka fi shiga ƙauye, kuma tashinta da faɗuwarta sun isa su nuna yadda zamanin kaset ya zo ya wuce.

Konosuke Matsushita, wanda aka haifa a 1894, ɗan gidan manoma ne da arzikinsu ya karye. Yana ɗan shekara 9 aka tura shi Osaka koyon sana'a. Ya yi yaron shago a wurin mai sayar da kekuna, daga baya ya yi aiki a kamfanin wutar lantarki na birnin. A 1918 ya buɗe ɗan wurin ƙira a gidan haya, shi da matarsa da ƙanenta Toshio Iue, suna haɗa mariƙin ƙwan lantarki. A 1927 ya fitar da wata fitilar keke mai aiki da batir, ya sa mata suna National. Tun daga tushe ke nan sunan ya tashi da kayan batir, kayan mutumin da wayar lantarki ba ta kai gare shi ba. Shi kuwa surukin nasa, Toshio Iue, ya ware bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kafa Sanyo a 1947. Rikodun nan biyu da ake jerawa kafaɗa da kafaɗa a rumfunan Kano, asalinsu gida ɗaya ne.

Da kamfanin ya nufi kasuwar Amurka, sai ya tarar wani ya riga shi mallakar sunan National a can. Wannan ya sa tun 1955 ya ƙirƙiro Panasonic don kayan da yake fitarwa waje. A ƙasashe irin namu aka haɗa sunayen biyu, shi ya sa duk wanda ya riƙe irin wannan rikoda a shekarun 1970 zai tuna an rubuta National Panasonic a goshinta. Mutane kuwa na farkon suka riƙe.

Kafin zuwan rikoda, sauti hanya ɗaya yake bi a ƙasar Hausa, daga birni zuwa ƙauye. Garmaho na masu hali ne, ana wana shi da hannu, faifansa kuma yana fashewa da ya faɗi. Rediyo ya fi shi kai wa nesa. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma da aka samu ƙananan rediyo masu batir sai dandalin ƙauye ya samu abin zagayewa bayan sallar isha. Duk da haka, abin da aka zaɓa maka a Kaduna ko Landan shi za ka ji, a lokacin da aka ga dama. In waƙa ta wuce, ta wuce, sai ka rubuta katin zaɓe ka jira.

Akwai na'urar ɗaukar magana tun a lokacin, amma ta ma'aikata ce. Manyan akwatuna ne masu zare a faifai biyu, irin Uher ta Jamus da Nagra ta Suwizalan, waɗanda 'yan rediyo da masu bincike ke ratayawa. A shekarun 1960 David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗen ƙasar Zazzau, Anthony King kuma ya yi aiki a kan na Katsina, suka haɗu suka fitar da littafi a kan kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Aiki ne mai daraja, kuma ba don shi ba da wasu abubuwan sun ɓace. Amma makaɗin da aka ɗauka ba ya komawa gida da muryarsa. Tana tafiya cikin jakar baƙo zuwa ma'ajiyar jami'a ko ɗakin faya-fayan rediyo.

Abin da ya sauya lissafin ya fito ne daga garin Hasselt na Beljiyam, inda wani injiniyan kamfanin Philips mai suna Lou Ottens da abokan aikinsa suka rufe siririn zare cikin ɗan kwali na roba da zai shiga aljihu. A watan Agusta 1963 aka nuna shi a bajekolin rediyo na Berlin. Da kamfanonin Japan suka matsa, Philips ya yarda kowa ya ƙera irinsa ba tare da biyan kuɗin fasaha ba. Saboda haka kaset ɗin TDK yana shiga rikodar Sharp, na Maxell yana shiga National, babu wanda ya kulle wani. Kafin shekarun 1960 su ƙare an haɗa rediyo da kaset da abin ɗaukar magana cikin akwati ɗaya mai mariƙi, kuma Japan ta fara tura shi duniya jirgi-jirgi.

Ya tarar da Nijeriya a daidai lokacin da kuɗi suka faɗo mata. An fito da naira a 1973, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen wannan shekarar, sannan a farkon 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya. Keke da babur da agogo da rikoda su ne suka fara kwashe kuɗin. Manomin ƙasar Batsari bai ga Udoji ba, shi da ma yana farfaɗowa ne daga farin 1973. Amma da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba 1976, sai aka watsa matasan malamai masu albashi cikin ƙauyuka, kuma a wurare da yawa a ɗakin malamin makaranta ko na malamin gona ko na asibiti yara suka fara ganin akwatin da ke maimaita maganar mutum.

Aikin hajji ma ya yi rawar gani. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura dubu 100, kasuwannin Jidda da Makka kuma cike suke da kayan Japan masu sauƙi. Alhaji yakan dawo da zamzam da dabino da carbi da darduma, kuma in hali ya yi, da rikoda a kwalinta tare da kaset ɗin ƙira'ar Abdulbasit ko Husari ko Minshawi.

Yammacin Katsina yana da wata ƙofa da wasu yankuna ba su da ita. Daga Batsari zuwa Jibiya ba nisa, daga Jibiya kuma sai Magama da Ɗan Isa da Maraɗi. Alhazan Maraɗi sun yi suna wajen shigo da kaya ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, su taho da su ta Nijar, a tsallako da su Nijeriya ko gwamnati ta hana ko ba ta hana ba. Taba da atamfa da shadda su ne kan gaba, kayan lantarki kuma suna biye. Ko da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki daga Afrilun 1984, aka ci gaba da rufewar har Maris 1986, hanyoyin daji ba su rufu ba. Sauran kuma 'yan ci-rani suka kawo. Saurayi ya tafi Kano ko Kaduna ko Ikko da kaka ta wuce, ya yi ga-ruwa ko dako ko gadi, kafin ruwan farko ya dawo da rikoda a kafaɗa, kowa a gari ya san tafiyar ta yi albarka.

Sunan da National ta yi a wurin masu saye shi ne ƙwari. Jikinta yana jure faɗuwa, gajeren zangonta yana kamo Kaduna da Landan da Yamai ba tare da an sha wuya ba, kuma mai gyara ba ya rasa kayanta saboda yawanta. A samanta akwai jerin maɓallai da ake dannawa da ƙarfi, ɗaya daga cikinsu ja. Wannan jan maɓalli shi ne dukkan zancen. Ba ya shiga shi kaɗai, sai an haɗa shi da na kunnawa an danna tare, daga nan duk abin da aka faɗa a ɗakin ya shiga zare, har da kukan zakara da tarin tsohuwa. Kaset mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti 45, sai a juya.

Riƙonta ilimi ne da kowane gida ya koya. Batir shi ne babban kashin kuɗi, manya guda huɗu ko shida, Berec ko Tiger, kuma kaset yana shan wuta fiye da rediyo nesa ba kusa ba. Don haka ba a mayar da zare baya da inji, sai a zura biro a ramin kaset a riƙa wulwulawa da hannu. In batir ya yi sanyi muryar mawaƙi takan yi nauyi tana ja, sai a cire a shanya a rana a samu ɗan ƙarin kwana. Masu dabara suka koma jona ta da tsohon batirin mota. Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gaba ce, shi ya sa ake kai wa tela ya ɗinka mata riga mai zif da huda a daidai lasifika. In sauti ya dushe, a naɗa auduga a tsinken ashana a goge kan da ke karanta zaren. In ta tauna zare, a zauna a zaro shi a hankali, a yanke inda ya tattare, a haɗa da salatif ko jan farce. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, wanda duk ya ɓalle su ya hana a ɗauki wani abu a kai. Mai son ya sake amfani da shi sai ya cusa takarda a ramin. A ranar kasuwa mai gyaran rediyo yana zaune da ƙarfen darma a cikin garwashi, yana sauya bel ɗin da ya saki, yana ciro na wata matacciya yana rayar da wata.

Amfaninta da ya fi taɓa ni shi ne wasiƙar kaset. A da, wanda ke son aika saƙo ga ɗansa da ke Sabo ta Ibadan ko Agege sai ya nemi mai rubutu, ya faɗa masa cikinsa, a can kuma a nemi mai karantawa. Mutum biyu ke nan sun shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma akwai maganar da ba ta faɗuwa a gaban malamin makaranta. Da rikoda ta zo sai a sayi sabon kaset, a bari sai dare ya yi gari ya yi shiru, a taru a ɗakin maigida. Shi zai fara da sallama da addu'a, ya ba da labarin damina da abin da aka samu na gero da rogo, da wanda ya rasu da wadda ta haihu. Inna ta karɓa, ita da ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta yi ta kewaye da sunan da ta saba sakaya shi da shi, ta yi masa faɗan sallah da na abokai. Ƙanne su gaishe da Yaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saƙa roƙonsa na takalmi ko ɗankwali. Matarsa kuwa ba za ta yi magana a gaban surukai ba, sai a bar mata akwatin ta shiga ɗakinta da shi.

Da safe a naɗe kaset a takarda a ba direban mota ko wani mai komawa. Bayan mako biyu ko wata guda amsa ta zo, wani lokaci a kan kaset ɗin da aka aika, an goge an sake ɗauka. Har ƙasar Makka da Sudan da Gana irin wannan saƙo yana zuwa. Abin da takarda ba ta iya ɗauka, zare ya ɗauka: uwa tana jin muryar ɗanta ta san ko lafiyarsa ƙalau ko yana ɓoye mata wani abu.

Ta fannin kiɗa kuwa, zamanin kaset ya zo daidai da ganiyar manyan makaɗa. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Kassu Zurmi da Haruna Uji da Garba Sufa da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge ta Funtuwa, duk sun shiga gidajen da ba su taɓa takawa da ƙafa ba. Zurmi tana bayan dajin Rugu ne ta ɓangaren Zamfara, don haka kiɗan 'yan tauri da na maza irin na Kassu ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Batsari da Safana. A rumfar mai kaset ta ranar kasuwa manomi da makiyayin da ya fito daga Rugu ko Runka suna tsayawa gefe da gefe, kowa yana cewa a sa masa ya ji kafin ya biya. Saurayin Bafillace da sandarsa a kafaɗa da rikoda rataye a wuya abu ne da duk wanda ya rayu a wancan lokaci ya gani. 'Yan mata kuma suka kamu da waƙoƙin Indiya na Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi, har masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin suna ɗora begen Annabi a kai.

Mafi yawan waɗannan kaset-kaset kwafi ne. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar masu kwafa, inda ake jera injuna ana juye kaset ɗaya zuwa goma-goma, dillalai su saro su kai Katsina, daga can su bazu kasuwannin ƙauye. Da rikoda mai baki biyu ta fito a shekarun 1980, kowa ya zama mai kwafa a ɗakinsa. Kowane juyi yana rage tsabtar sauti yana ƙara shuu, har kunnen mutane ya saba da hakan. Makaɗan ba su ga kuɗin wannan ciniki ba sai ƙalilan, kuma wannan zalunci ne ko da an saba da shi. Abin da ya rage musu zafi shi ne rayuwarsu da ma a kan kyautar iyayen gida da taron biki take, kaset kuma ya kai sunansu inda za a gayyace su.

Wa'azi ya ma fi kiɗa cin moriyar rikoda. Tafsirin da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yake yi a masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke watsawa tun ƙarshen shekarun 1960, mutane suka riƙa ɗauka daga rediyo kai tsaye, tunda akwati ɗaya ne ke kamowa yake kuma ɗauka. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, kaset ya zama babban abin yaɗa da'awarta. Malaman ɗariƙa ma ba su zauna ba. Karatun Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi da na Shaihu Nasiru Kabara sun bi hanyar, raddi yana bin raddi, kowane gefe da nasa rumfunan. Muhawarar da a da sai a zauren malamai a birni ake yin ta, sai ga ta a gindin bishiyar ƙauye a bakin matasa. An samu gidajen da ɗa ya daina bin ubansa sallah, an samu garuruwan da masallaci ya rabu biyu, kuma ba za a ba da tarihin wannan rabuwa ba tare da ambaton rikoda ba. Ta wani gefen kuma, matar da ke cikin kulle, wadda ba ta zuwa wurin tafsiri, ta ji fassarar Alƙur'ani sura bayan sura tana tankaɗe a tsakar gida. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a tarihin ilimin mata a karkara. Har zuwa zamanin Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a watan Afrilu 2007, kaset yana da sauran ƙarfi a wannan fage.

Akwai kuma abin da babu kamfani ko gidan rediyon da ya taɓa ɗauka, sai mutanen gari da jan maɓallinsu: kiɗan gayya a gona, kirarin 'yan dambe da 'yan kokawa bayan kaka, kiɗan ƙwarya na mata a gidan suna, wa'azin malamin gari a daren Maulidi, tsoho yana lissafa kakanninsa da inda suka taso. Da yawa daga ciki sun tafi tun a lokacin, domin kaset kuɗi ne, in sabuwar waƙa ta fito sai a cusa takarda a goge tsohon abu. Wanda ya tsira, ya tsira ne don wani ya ɓalle kunnuwan ya hana.

Faɗuwar National a ƙasarmu ta fara ne daga aljihu. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki a 1986, aka saki naira a kasuwar canji a watan Satumba, sai dala ta koma wajen naira 4, a 1993 kuma ta kai kusan 22 a farashin gwamnati. A daidai wannan lokaci kuɗin Japan yana ƙara tsada a duniya. Sabuwar rikodar Japan a kwali ta fi ƙarfin malamin firamare, balle manomi. Kasuwa ta koma hannun kayan hannu 'yan Kwatano da sababbi masu arha daga Taiwan da Hong Kong, daga baya kuma Sin. Wasunsu har da kwaikwayon suna, a sauya harafi ɗaya ko biyu yadda wanda bai iya karatu ba zai ɗauka ta ainihi ce. Ba sa ƙarko, bel ya saki cikin 'yan watanni, amma kuɗinsu ya yi daidai da aljihu.

Shi ma kamfanin yana janye sunan sannu a hankali. Kafin shekarun 1980 su ƙare, rikodunsa na ƙasashen waje sun koma fita da Panasonic kaɗai. A 2003 ya sanar cewa Panasonic ne zai zama sunansa ɗaya tilo a kasuwannin duniya, National ta rage a cikin Japan a jikin firji da injin wanki, har zuwa hukuncin 2008. A 2009 kuma ya saye mafi yawan hannun jarin Sanyo, gidan suruki ya dawo cikin gida. Saboda haka duk National ɗin da aka gani a ƙauye bayan 1990 tsohuwa ce da ake lallaɓawa, kuma kasancewar an ci gaba da ganin su har shekara goma sha bayan haka shaida ce a kan ƙwarin da ake faɗa.

Hankalin matasa ma ya koma wani wuri. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kafin ƙarshen shekarun kuma waƙoƙin fina-finai da ake haɗawa da fiyano, irin na Sangaya, sun mamaye rumfunan kaset. Su ne suka ba kaset tashensa na ƙarshe. Shata ya rasu a watan Yuni 1999. Daga nan faifan CD ya shigo da arha. A ganina wannan koma baya ne da ba a lura da shi ba, domin na'urar CD ta gida tana kunnawa ne kawai, ba ta da jan maɓalli. Mutumin ƙauye ya koma mai saurare kamar zamanin garmaho. Ga shi faifan ba ya jure ƙura da karce, na'urar kuma ba ta shiri da batir.

Wayar salula ce ta gama aikin. An fara layukan GSM a Nijeriya a watan Agusta 2001, kuma cikin shekara goma wayoyin Sin masu ɗaukar memori suka cika kasuwanni. Wanda zai iya kiran ɗansa a Ikko ya ji muryarsa nan take ba zai jira direba ba. Mai rumfar kaset ko dai ya sayi kwamfuta ya koma tura waƙoƙi da wa'azi a memori, ko ya sauya sana'a. Ɗan katin da bai kai farce ba yana ɗaukar abin da kwali guda na kaset ba zai ɗauka ba, ƙananan rediyo irin Kchibo da 'yan akwatunan da ake kira MP kuma suka maye gurbin rikoda a kafaɗar makiyayi. Sony ma ya daina yin Walkman mai kaset don kasuwar Japan a 2010. Da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, wasiƙar kaset ta dawo da wata kama, kuma saurin da mutanen karkara suka karɓe ta bai ba wanda ya san tarihin nan mamaki ba. Sun shekara 30 suna yin haka.

Sai dai waya tana da igiya a wani wuri da mai ita ba ya gani. A watan Satumba 2021, shekarar da Lou Ottens ya rasu, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda ta'addancin 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. An yi watanni mutum ba ya iya sanar da ɗan'uwansa rasuwa sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce. Rediyo mai batir ya ci gaba da aiki. Rikoda da za ta iya ɗaukar saƙo ba tare da izinin kowa ba kuwa babu ita, babu kuma sabon kaset a kasuwa.

Wannan rashin tsaro shi ne ya sa maganar tsofaffin kaset-kaset ta zama ta gaggawa a yammacin Katsina fiye da ko'ina. Iyalin da suka gudu cikin dare zuwa garin Batsari ko Dutsinma ko Katsina, yara da abin sawa suke ɗauka, ba kwalin kaset ba. Gidan da aka ƙona ya tafi da abin da ke cikinsa, wanda aka bari kuma gara da ruwan sama suna aikinsu. Ko a inda ake zaune lafiya, zafi yana sa zare ya manne, danshi yana sa masa fumfuna, ɗan audugan da ke danne shi a kan inji yana ɓallewa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa injunan karanta zare da kayan gyaransu za su ƙare a wajajen 2025, kuma abin da ya fi shiga haɗari shi ne harsuna da al'adun da ba a ajiye su a ko'ina ba sai a kan zare.

Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da tafsirin manyan malamai sun tsallake, suna cikin memori da intanet. Abin da bai tsallake ba shi ne na mutanen gari, wanda kwafinsa ɗaya ne a duniya. Akwai wuraren da suka san irin wannan aiki: Gidan Arewa a Kaduna, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a Kano, Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina, da cibiyar CELHTO ta tarihin baka a Yamai. Ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, suna da ɗalibai 'yan asalin waɗannan ƙauyuka da za a yarda a buɗe musu akwati. Kayan aikin ba su da yawa: inji ɗaya mai lafiya, wayar jonawa, kwamfuta, da mai gyaran da ya san yadda ake sauya bel. Lokaci ne yake ci, domin kaset mai minti 90 sai an ba shi minti 90 cur. Kuma dole a zauna da mai kaset ɗin ana juyewa yana saurare, domin yawancinsu babu rubutu a jiki, shi kaɗai zai iya faɗin muryar wane ce, a wane gari aka ɗauka, a bikin wa, kuma shekarar wace damina.